Kuturta a tsakanin yara

Kuturta cuta ce mai daɗewa a jiki, wadda ƙwayar Mycobacterium leprae ke haddasawa. Tana kama fata, jijiyoyin hannu da ƙafa, ido da cikin hanci. Duk shekara akan samu sababbin masu cutar kimanin 200,000 a duniya, mafi yawansu a Indiya, Barazil da Indunusiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ware lissafin 'yan ƙasa da shekara 15, domin ƙwayar kan yi kimanin shekara 5 a jiki, wani lokaci har 20, kafin ta bayyana. Idan ta fito wa yaro, alama ce cutar na ci gaba da yaɗuwa a gidansu ko unguwarsu.

Alamomi

Takan fara da tabo wanda ya fi sauran fata haske, ba ya jin taɓawa. Iyaye sukan ɗauka makero ne. Dungulewar yatsu sai daga baya, bayan jijiya ta mutu, yaro ya riƙa ƙonewa ko jin rauni bai sani ba.

Tarihi

An daɗe ana ɗaukarta cutar gado, har likitan Norwe Gerhard Armauer Hansen ya gano ƙwayar a Bergen a 1873. Ganowar ba ta kawo wa yara sauƙi nan take ba, don ta ƙarfafa tsarin killace marasa lafiya. A Kalaupapa da ke Hawai, akan raba jarirai da iyayensu mata, kuma Japan ba ta soke dokarta ta killacewa ba sai a 1996. A arewacin Najeriya, wajen ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka karɓi kula da sansanonin kutare, irin su Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina. A lokacin magani bai wuce allurar man wani itacen Indiya ba, mai zafi kuma mai ƙarancin amfani.

Maganin dafson ya shigo a shekarun 1940, kuma Uzuakoli a kudu maso gabashin Najeriya na cikin wuraren da aka fara gwada shan ƙwayarsa. Da cutar ta soma bijire masa, sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa shi da magungunan rifamfisin da kilofazimin.

Magani

Ana shan wannan haɗin magani wata 6 ko 12, kyauta tun 1995. Tun 2018 ana ba makusantan mara lafiya, daga shekara 2 zuwa sama, rifamfisin sau ɗaya don rigakafi. Masana sun saɓa kan tsawon kariyar da yake bayarwa.

Cututtuka masu alaƙa

Gyambon Buruli, wanda ƙwayarsa dangin ta kuturta ce, ya fi yawa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma kusan rabin masu shi a nahiyar yara ne. A 2017 ƙazwa ta shiga jerin Hukumar Lafiya ta Duniya na cututtukan da aka yi wa sakaci, wanda kuturta ma ke ciki.