Terry Jones

Terry Jones, wanda cikakken sunansa Terence Graham Parry Jones, ɗan wasan barkwanci ne, darakta, marubuci, kuma mai binciken tarihi daga yankin Wales na Birtaniya. An haife shi ranar 1 ga Fabrairu 1942, ya rasu ranar 21 ga Janairu 2020. Duniya ta fi saninsa a matsayin ɗaya daga cikin mutum shida na ƙungiyar barkwanci ta Monty Python, amma rabin aikin rayuwarsa a fagen tarihi ya yi shi, kuma manufa ɗaya ce ta haɗa fagagen biyu: ƙin amincewa da labari don kawai manya ne suka ba da shi.

Tasowa da karatu

A garin Colwyn Bay da ke bakin teku a arewacin Wales aka haife shi, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifinsa ma'aikacin banki ne, amma a lokacin yana aikin sojan sama. Bai cika shekara biyar ba iyalin suka koma Surrey a Ingila. Ya yi sakandare a Guildford, sannan ya shiga Jami'ar Oxford ya karanci adabin Ingilishi. A can ya ci karo da abu biyu da bai sake rabuwa da su ba: waƙoƙin Geoffrey Chaucer, mawaƙin ƙarni na 14, da kuma Michael Palin, wanda ya zama abokin rubutunsa kuma amininsa har mutuwa ta raba.

Barkwanci da fina-finai

Bayan jami'a shi da Palin sun yi ta rubuta wasannin talabijin. A ranar 5 ga Oktoba 1969 BBC ta fara nuna *Monty Python's Flying Circus*, wanda suka yi tare da John Cleese, Graham Chapman, Eric Idle da Ba'amurke Terry Gilliam. Shirin ya kai kashi 45 kafin ya ƙare a 1974. Kafin nan al'adar barkwancin talabijin ita ce kowane gajeren wasa ya ƙare da maganar da za ta sa a fashe da dariya. Jones na cikin waɗanda suka fi dagewa a watsar da wannan, a bar wasa ya zarce cikin wani ba tare da an rufe na farko ba, kamar yadda mafarki ke tafiya. Wannan salo shi ne ya bambanta shirin da duk na zamaninsa. A gaban kyamara kuwa an fi tuna shi cikin shigar tsofaffin mata masu ƙarajin murya.

Da ƙungiyar ta koma fim, shi ya zama mai ba da umarni. Shi da Gilliam suka haɗu a kan *Monty Python and the Holy Grail* na 1975, labarin Sarki Arthur da baradensa, wanda aka ɗauka a Scotland da kuɗi kaɗan, har mawaƙa irin su Pink Floyd da Led Zeppelin suka sa hannun jari. Da yake babu kuɗin dawaki, sai bayi suka riƙa bin barade a ƙasa suna buga ƙoƙon kwakwa don ya ba da sautin kofato. Duk da wasa ne, Jones ya so a ga laka da datti da talaucin wancan zamani yadda suke.

Fim na gaba, *Life of Brian* na 1979, shi kaɗai ya ba da umarninsa, a Tunisiya. Labarin wani mutum ne da ya rayu zamani ɗaya da Annabi Isa, jama'a suka ɗauke shi Almasihu bisa kuskure. Kamfanin EMI ya janye kuɗinsa dab da fara aiki, sai George Harrison na ƙungiyar Beatles ya biya. Shugabannin addini da dama sun kira fim ɗin saɓo, an hana nuna shi a Ayilan da Norway da wasu ƙananan hukumomin Birtaniya, yayin da masu fim ɗin suka ce makauniyar biyayya suke suka. *The Meaning of Life* na 1983 ya samu babbar kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes. Jones ya kuma rubuta littattafan tatsuniya na yara.

Mai binciken tarihi

A nan ne aka fi ganin nauyin Jones. A 1980 ya fitar da *Chaucer's Knight*. Shekaru aru-aru malamai na karantar da cewa barden da Chaucer ya siffanta a waƙarsa ta *The Canterbury Tales* shi ne misalin jarumin Kirista mai tsarkin zuciya. Jones ya ɗauki jerin yaƙoƙin da mawaƙin ya ce barden ya halarta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai farmakin Iskandariyya na 1365, inda rundunar Sarki Peter na Saifurus ta yi kisa da wasoson dukiya, ta watse bayan 'yan kwanaki. Akwai kuma inda barden ya yi wa wani sarkin Turkawa yaƙi. Daga nan Jones ya yanke cewa mutumin sojan haya ne, kuma masu sauraron Chaucer sun gane shaguɓe ne ba yabo ba. Masana irin su Maurice Keen na Oxford sun ƙi wannan fassara, suna ganin ya auna ƙarni na 14 da ma'aunin yau. Amma littafin ya shiga jerin abin da ɗaliban Chaucer ke karantawa, kuma duk mai kare barden sai ya fara amsa hujjojinsa.

A 1995 ya gabatar da shiri mai kashi huɗu a BBC kan yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. Bai ɓoye kisan kiyashin da aka yi wa Musulmi da Yahudawa a Ƙudus a 1099 ba, ya kuma nuna bambancin hakan da yadda Salahuddin ya karɓi birnin a 1187. Ga mai kallon Birtaniya da ya taso da labarin jarumtar Sarki Richard, wannan ba ƙaramin gyara ba ne. Shirin *Medieval Lives* na 2004 ya rushe camfe-camfe kan mutanen wancan zamani, har da zancen cewa sun ɗauka duniya shimfiɗaɗɗiya ce. A *Barbarians* na 2006 ya nuna cewa al'ummomin da Rumawa suka kira gidadawa, irin su Keltawa da Farisawa, suna da doka da fasaha da hanyoyi, kuma sunan ya bi su ne domin Rumawa ne suka rubuta tarihin. Littafin da ya yi da wasu masana a 2003, kan ko kashe Chaucer aka yi bayan an tuɓe Sarki Richard na Biyu, hasashensa ya fi hujjarsa yawa.

Da irin wannan ido ya dubi zamaninsa. Ya yi rubuce-rubuce masu zafi a jaridun Guardian da Observer yana adawa da mamayar Iraƙi ta 2003, yana sukar George Bush da Tony Blair.

Shekarun ƙarshe

Ya yi aure sau biyu, yana da 'ya'ya uku. A 2014 mutum biyar da suka rage na Monty Python, domin Chapman ya rasu tun 1989, sun sake hawa dandali a Landan na dare goma. A 2015 likitoci suka gano yana da wata cutar ƙwaƙwalwa da ke cinye magana sannu a hankali, iyalinsa suka bayyana hakan a 2016. A watan Oktoba na shekarar, reshen Wales na BAFTA, cibiyar fina-finai da talabijin ta Birtaniya, ya karrama shi. Palin ne ya miƙa masa kyautar, ɗansa kuma ya yi jawabin godiya a madadinsa, shi yana tsaye a gefe. Ya rasu a gidansa da ke Highgate a arewacin Landan yana da shekara 77, saura kwana 11 ya cika 78.