Shugaban Ayyuka da Ƙira a Kamfanin Tauraron Ɗan'adam Mai Tasowa

Shugaban ayyuka da ƙira shi ne jami'in da ke riƙe da masana'anta, da sayen kayan haɗi, da gwaji, da kai kowane tauraro filin harbawa a ranar da aka yi alkawari da masu roka. Waɗanda ke kafa irin waɗannan kamfanoni galibi injiniyoyi ne da suka iya ƙera tauraro ɗaya. Ana neman wannan jami'i ne ranar da oda ta yi yawa, aka ga sai an fitar da hamsin ko ɗari iri ɗaya.

A da, tauraron ɗan'adam tamkar ɗinkin babbar riga ne: a auna, a yanka, a zauna kansa shekaru. Haka kamfanin SSTL na Ingila ya ƙera wa Nijeriya NigeriaSat-1, wanda aka harba a 2003. Sauyi ya faro ne a 1999, lokacin da Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs suka fito da ma'aunin CubeSat a Kaliforniya, ɗan akwati mai santimita 10 a kowane gefe. Kamfanin Planet Labs, wanda tsofaffin ma'aikatan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka kafa a 2010, ya ɗora a kan wannan ma'auni, har ya aika ƙananan taurari 88 cikin roka guda ta Indiya a Fabrairun 2017. A 2019 kuma kamfanonin OneWeb da Airbus suka buɗe masana'anta a Fulorida da aka tsara ta riƙa fitar da biyu a kullum. Daga nan aikin ya tashi daga shagon tela ya koma masaƙa.

Nauyin muƙamin yana wurin gwaji. Mota in ta lalace a Kano, a nemo kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa. Ƙaramin tauraro kuwa in ya tashi, ya tafi ke nan. Shi ya sa ake haɗa shi a ɗakin da aka tace iskarsa, ma'aikata sanye da riga da hula da safar hannu, domin ƙwayar ƙura ɗaya na iya ɓata madubin kyamara. Sai a ɗora shi kan injin da ke jijjiga shi kamar yadda roka za ta yi, sannan a rufe shi cikin tankin da aka zuƙe wa iska, a gasa shi, a daskarar da shi, kwana da kwanaki. Masu zuba jari na son sauri, injiniyoyi na son ƙarin gwaji, shi kuwa shugaban ayyuka shi zai yanke gwajin da za a yi wa kowane tauraro da wanda za a yi wa samfuri kawai. Nijeriya ta san tsadar matsala a sama: NigComSat-1, da aka ƙera a Sin aka harba a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda lalacewar faifan samar da lantarki daga rana, kuma sai a Disamban 2011 madadinsa ya tashi.

Sayen kaya ma rigima ce mai zaman kanta. Kayan lantarki masu jure tururin sararin samaniya suna da tsada, ana jiransu watanni, wasu kuma dokar Amurka ta ITAR ta taƙaita fitar da su. Planet ya zaɓi kayan kasuwa masu araha, ya yarda wasu taurarin su mutu a maye gurbinsu. Kamfanin SpaceX yana ƙera taurarin Starlink masu samar da intanet da kansa a Redmond, jihar Washinton. Gwynne Shotwell, wadda ta shiga kamfanin a 2002, ita ke riƙe da ayyukansa tun 2008. Masana'anta mai kyau dai ba ta hana aljihu hujewa: OneWeb ya durƙushe a Maris 2020 yana da taurari 74 a sama, sai gwamnatin Birtaniya da kamfanin Bharti na Indiya suka ceto shi.

Amfanin wannan aiki ya riga ya iso Kano, tun da Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, farkon zuwansa Afirka. Abin takaici ne a ce birnin Bompai da Sharaɗa da Chalawa, mai tsangayar injiniya a Jami'ar Bayero, ya tsaya a matsayin mai saye. Manajan da ya taɓa riƙe masana'anta a Sharaɗa ya san rabin aikin: tsara aikin dare da rana, kula da sito, lallaɓa dillalai, da neman man janareto, don ɗakin haɗa tauraro ba ya jure ɗauke wuta. Ɗaya rabin shi ne rubutu. Kowane ƙarfe da waya na da lamba, an rubuta inda aka sayo shi, da wanda ya ɗaura shi, da ƙarfin ɗaurin, ta yadda in tauraro na 40 ya samu matsala a sama za a gane sauran da aka haɗa da kayan rukuni ɗaya kafin a rufe su cikin roka.