Ƙa'idojin Gyaran Wajen Gida a Ƙungiyoyin Masu Gidaje na Amurka

Ƙungiyar masu gidaje, wadda Amurkawa ke taƙaita sunanta da HOA, ƙungiya ce mai zaman kanta da ke tafiyar da al'amuran rukunin gidaje. Tana karɓar kuɗin wata ko na shekara daga mazauna, tana kula da abin da aka haɗa hannu a kansa kamar tituna da lambuna da wurin ninkaya, kuma tana da ikon faɗin yadda wajen kowane gida zai kasance. Wannan iko na ƙarshe shi ya fi jawo rigima. A irin wannan unguwa, wanda ya sayi gida da kuɗinsa ba zai sauya launin fenti, ko ya kewaye gidan da shinge, ko ya ƙara ɗaki, ko ya canza rufi ba sai ya nemi izini a rubuce. Ƙididdigar cibiyar Community Associations Institute, wadda aka kafa a 1973, ta nuna cewa a 1970 irin waɗannan ƙungiyoyi ba su wuce kamar 10,000 ba. A yau sun haura 350,000, kuma fiye da mutum miliyan 70 ke zaune a ƙarƙashinsu. Yawancin sababbin gidajen da kamfanonin gini ke sayarwa a ƙasar suna cikin wata ƙungiya.

Tushen ikon

Ikon ƙungiyar ba daga gwamnati ya fito ba. Kamfanin da ya yanka filaye ya gina unguwar shi ke rubuta kundin sharuɗɗa tun kafin a sayar da gida ko ɗaya, ya kai shi ofishin rajistar filaye na gunduma. Daga ranar da aka yi rajistar, sharuɗɗan sun manne wa filin. Duk wanda ya sayi gidan ya ɗauke su, ko ya karanta ko bai karanta ba, haka wanda ya gaje shi, haka wanda zai saya daga hannun magajin. Shiga ƙungiyar ba zaɓi ba ne, kuma babu fita sai dai a sayar da gidan.

Wannan ƙa'ida ta samo asali ne daga shari'ar Ingila. A 1848, a shari'ar Tulk da Moxhay kan dandalin Leicester da ke Landan, kotu ta ce wanda ya sayi fili alhali ya san akwai alkawarin kada a yi gini a kansa, alkawarin ya hau kansa ko da ba shi ya ƙulla ba. A Amurka an riga an fara irin wannan tsari a unguwannin attajirai, kamar Gramercy Park a New York a 1831 da Louisburg Square a Boston a 1844. A farkon ƙarni na 20, J.C. Nichols ya faɗaɗa shi a unguwannin da ya gina a Kansas City, inda ya kafa ƙungiyoyin mazauna don su ci gaba da tsare sharuɗɗan bayan ya gama sayarwa. A 1938 babbar kotun jihar New York, a shari'ar Neponsit, ta tabbatar da cewa wajibcin biyan kuɗin ƙungiya ma yana bin fili, kuma ƙungiyar na da hurumin kai ƙara.

Tarihin yana da baƙin tabo. A rabin farko na ƙarni na 20, kundin da ya ƙayyade nisan gida daga titi sau da yawa shi ne kuma ya haramta sayar da gidan ga baƙar fata ko Bayahude ko ɗan Asiya. A 1948 Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar Shelley da Kraemer, ta hana kotuna tilasta irin waɗannan sharuɗɗa, sannan dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta haramta su gaba ɗaya. Har yanzu ana cin karo da kalmomin a tsofaffin takardun mallaka, amma ba su da ƙarfin doka.

Abin da ƙa'idojin ke taɓawa

Takardun suna da daraja hawa-hawa. Dokar tarayya da ta jiha suna sama da komai, sai kundin sharuɗɗa mai rajista, sai dokokin gudanar da ƙungiya, sai kuma ƙa'idojin fasalin gini da shugabannin ƙungiya ke fitarwa. Na ƙasa ba ya iya saɓa wa na sama. Gyara kundin sharuɗɗa abu ne mai wuya, domin yawanci sai an sami amincewar kashi biyu cikin uku ko uku cikin huɗu na masu gidaje. Ƙa'idojin fasali kuwa shugabanni na iya sauya su a zama ɗaya ko biyu.

Kusan duk abin da ido zai gani daga titi yana ciki: launin bango da ƙofa, irin rufi, tagogi, tsawon shinge da abin da aka yi shi da shi, rumfa, ɗakin ajiya a bayan gida, akwatin wasiƙa, fitilun waje, itatuwa da tsawon ciyawa, inda ake ajiye kwandon shara, da irin motar da za ta kwana a ƙofar gida. Mai karatun da ya saba da gida mai katanga da zaure zai ga abin baƙo, don a yawancin waɗannan unguwanni shinge a gaban gida haramun ne, na baya kuma ba ya wuce ƙafa shida.

Mai son yin gyara yana cike takarda ya haɗa da zane, da samfurin launi ko kayan aiki, da taswirar filin, ya miƙa wa kwamitin duba fasalin gini. 'Yan kwamitin galibi maƙwabta ne masu aikin sa kai, ba magina ko masu zanen gini ba. Kundi yakan ba su kwana 30 zuwa 60 su amsa, kuma a wasu unguwanni shirunsu bayan wa'adi yana nufin an yarda. Izinin ƙungiya daban, izinin gini na hukumar gari daban. Samun ɗaya ba ya ɗauke wajibcin ɗayan.

Matsalar da ta fi damun kotuna ita ce ma'auni. Kundi da yawa ba su faɗi komai ba illa cewa gyara ya "dace da sauran gidaje". A 1969 Kotun Ƙolin Colorado ta duba wannan a shari'ar Rhue da Cheyenne Homes, inda wani mutum mai suna Rhue da wani kamfanin gidaje suka so ɗauko tsohon gida mai fasalin Sifaniya su dasa shi a sabuwar unguwa mai gidaje irin na zamani. Kotu ta tabbatar da ikon kwamitin na hanawa, amma ta gindaya sharaɗi: hanin ya zama mai ma'ana, da kyakkyawar niyya, ba don son rai ba. Dokar Kalifoniya ta ƙara da cewa dole hukuncin kwamiti ya zo a rubuce, idan an ƙi a faɗi dalili, kuma a nuna wa mai gida hanyar neman a sake dubawa.

Yadda ake tilastawa

Abin yakan fara da ƙorafin maƙwabci, ko da zagayen ma'aikacin kamfanin da ƙungiya ta ɗauka don gudanarwa, wanda ke bi titi-titi yana ɗaukar hoto. Sai wasiƙar tunatarwa, sai ta gargaɗi mai ɗauke da wa'adin gyara. In ba a gyara ba, a gayyaci mai gida ya kare kansa, sannan a ci shi tara. A Florida, misali, doka ta ce a ba shi sanarwar aƙalla kwana 14, kuma kwamitin mutum uku da ba sa cikin shugabanni ne zai tabbatar da tarar ko ya soke ta. Tarar ba ta wuce dala 100 a kan laifi ɗaya, jimillarta kuma dala 1,000, sai idan takardun ƙungiya sun faɗi wani abu daban. Bayan tara akwai hana shiga wurin ninkaya da sauran wuraren nishaɗi, akwai kuma zuwa kotu a nemi umarnin a rushe abin da aka gina.

Nan ne cutar take. Ƙa'idar launin fenti ita kaɗai ba ta raba kowa da gidansa. Abin da ke raba mutum da gida shi ne tara da ke ƙaruwa kowace rana, a ɗora mata kuɗin jinkiri da ruwa, a miƙa takardar ga lauya, kuɗin lauyan ma a jibga wa mai gida. Sai a yi rajistar bashin a kan gidan, ta yadda ba zai sayar ba sai ya biya, kuma a jihohin da doka ta yarda a kai ga yin gwanjonsa. Bashin da ya fara da 'yan ɗaruruwan daloli yana iya komawa dubbai alhali ainihin laifin an daɗe da gyara shi. A 2001 wata dattijuwa mai shekara 82 a yankin Houston, wadda mijinta ya rasu, ta rasa gidanta a gwanjo kan kuɗin ƙungiya da asalinsa bai kai dala 1,000 ba. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa aka mayar mata da gidan, kuma majalisar Texas ta yi dokar kare masu gidaje a shekarar. A 2008 wani mutum mai shekara 66 a gundumar Pasco ta Florida ya kwana a gidan yari saboda bai bi umarnin kotu na sabunta ciyawar gidansa da ta bushe ba. Sai da masu sa kai suka taru suka dasa masa sabuwa aka sake shi.

Duk da haka, kotuna sun fi karkata ga ƙungiyoyi. Shari'ar da aka fi ambata ita ce ta Nahrstedt a Kalifoniya a 1994, kan wata mata da ke kiwon kyanwa uku a gidan da kundi ya hana dabbobi. Kotun ƙolin jihar ta ce sharaɗin da aka yi wa rajista ana ɗaukarsa mai ma'ana ne, kuma nauyin nuna akasin haka yana kan mai gida. Hujjar kotun tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba: maƙwabta sun sayi gidajensu ne bisa dogaro da waɗannan sharuɗɗa, kuma in kowa zai nemi a keɓe shi, kuɗin shari'a zai cinye asusun kowa.

Mai gida yana da abin kare kansa. Mafi ƙarfi shi ne nuna bambanci, wato an kyale wasu da irin laifin nan aka kama shi shi kaɗai. Kotun Ƙolin Florida ta karɓi wannan hujja a shari'ar White Egret a 1979. Akwai kuma hujjar cewa ƙungiya ta daɗe tana kau da kai har sharaɗin ya mutu, ko ta ga ana gini ta yi shiru sai da aka kashe kuɗi aka gama, ko ta tsallake matakin sanarwa da sauraro.

Inda doka ta ja layi

Tun da ƙungiyar ba gwamnati ba ce, kariyar da tsarin mulkin Amurka ya bai wa ɗan ƙasa game da faɗin albarkacin baki ba ta aiki a kanta kai tsaye. Tana karɓar kuɗi kamar haraji, tana yin doka, tana hukunci, amma a idon shari'a yarjejeniya ce tsakanin mutane. Saboda haka 'yan majalisa ne suka riƙa tsame abubuwa ɗaya bayan ɗaya daga hannunta.

A matakin tarayya, gyaran da aka yi wa dokar gidaje a 1988 ya ba naƙasasshe damar yin sauyin da yake buƙata, kamar gangaren keken guragu a ƙofar gida. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta 1996 ta hana ƙungiyoyi haramta farantin satalayit da faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba. Dokar da aka sa wa hannu a 2006 ta kare kafa tutar Amurka, ko da yake ta bar wa ƙungiya ikon tsara wuri da yanayi. Wannan giɓi ne ya haifar da rigimar 2009 a Virginia, lokacin da aka umarci Kanar Van Barfoot, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu mai lambar jarumta mafi girma a ƙasar, ya cire sandar tutar da ya kafa yana da shekara 90. Ƙungiyar ta janye bayan surutu ya kai har Fadar White House.

Jihohi sun fi yin nisa. Kalifoniya ta kare farantin sola tun 1978, kuma a lokacin farin 2014 ta hana cin tarar wanda ya bar ciyawarsa ta bushe don tsimin ruwa. Florida ta hana haramta igiyar shanya. Texas ta kare sola da alamun addini a ƙofar gida a 2011, sannan a 2013 ta kare shuke-shuke masu jure fari. Maryland ta yi doka a 2021 bayan wasu ma'aurata a garin Columbia sun yi shari'a da ƙungiyarsu kan lambun furannin asalin yankin da suka shuka don ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi maimakon shimfiɗar ciyawa. A New Jersey, kotun ƙolin jihar ta dogara da tsarin mulkin jihar a 2012 ta soke hanin da aka yi wa wani ɗan takara na manna hoton yaƙin neman zaɓensa a tagar gidansa.

Gyaran da ya fi taɓa rayuwar mutane shi ne wanda ya shafi tara da gwanjo. A Kalifoniya ba a gwanjon gida kan kuɗin ƙungiya sai bashin ya kai dala 1,800 ko ya wuce wata 12. Colorado, bayan an bankaɗo yawan ƙwace gidaje a unguwar Green Valley Ranch da ke Denver, ta yi doka a 2022 wadda ta ƙayyade tara a kan dala 500 ga laifin da bai shafi lafiya ko tsaro ba, ta wajabta ba da wa'adin gyara, ta kuma hana gwanjon gida kan bashin tara kaɗai. Florida ta ƙara takaita ikon ƙungiyoyi a 2024, har da hana su cin tara kan kwandon shara da aka bari a bakin titi na ɗan lokaci kafin ko bayan ranar kwasa. A 2025 Kalifoniya ta rage yawancin tara zuwa dala 100 a kan laifi ɗaya, ban da abin da ke barazana ga lafiya ko tsaro.