Waiwaye: wa ke biyan kuɗin jinyar baƙon ma'aikacin jirgin ruwa?

Tun lokacin korona ake ta ka-ce-na-ce kan ma'aikatan jiragen ruwa. A 2020 kimanin 400,000 suka maƙale a teku, wasunsu na fama da ciwo amma aka hana su sauka su ga likita. Masu ɗora wa annobar laifin duka sun manta cewa rigimar ta girme ta da fiye da shekara ɗari.

Farkon labarin sananne ne. A 1821 aka buɗe asibiti cikin wani tsohon jirgin yaƙi kusa da Greenwich a Landan, don ma'aikatan jirgi na kowace ƙasa, daga baya kuma dokokin Ingila suka ɗora wa mai jirgi jinyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. A can gida ke nan. A tashoshin ƙasashen da ake yi wa mulkin mallaka kuwa, sai a sauke mutum yana rawar ɗari da zazzaɓin cizon sauro, jirgi ya kama hanya, takardar kuɗin asibiti ta yi ta yawo tsakanin wakilin jirgi, ƙaramin jakada da baitulmali, kowa na cewa ba yaronsa ba ne. Ga asibitin Turawa daban, na 'yan ƙasa daban.

Inda zaren ya kulle, a ganina, shi ne sashe na 421 na Yarjejeniyar Versailles ta 1919, ta zaman lafiya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sashen da kusan ba mai ambatonsa. Sashen ya ce duk ƙasar da ta amince da wata yarjejeniyar ƙwadago ta duniya za ta yi aiki da ita har a ƙasashen da take mulka, sai fa in yanayin wurin bai ba da dama ba, ko kuma a yi mata kwaskwarima. Wa zai yanke cewa yanayi bai ba da dama ba? Mai mulkin da kansa. An bai wa kura ajiyar nama.

Saboda haka da aka zo 1936 aka cimma yarjejeniyar da ta wajabta wa mai jirgi jinyar ma'aikacinsa na aƙalla mako 16, ba tare da duba ƙasa ko launin fata ba, ƙofar zillewa na nan a buɗe. Ba'indiyen da ke zuba gawayi a tukunyar injin jirgi dama takardar aikinsa daban ce, albashinsa ma ƙasa da na Bature.

Yarjejeniyar duniya kan ƙwadagon ma'aikatan jiragen ruwa ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta riƙe makon 16 ɗin nan. Sai dai yau jirgin na ɗauke da tutar Fanama, wato can aka yi masa rajista, mai shi na wata nahiyar, maras lafiyar kuma ɗan Filifin ne.