Kayan Ƙwalama na Sallah da Biki a Zariya

Kayan ƙwalama na biki, waɗanda wasu ke kira kayan maƙulashe ko abin taɓawa, su ne ƙananan abubuwan ci da ake ajiye wa baƙo tare da abin sha a lokacin Sallah, ɗaurin aure, suna, walimar saukar Alƙur'ani da sauran tarukan farin ciki. Ba a lissafa su cikin abinci mai ƙosarwa irin tuwo ko shinkafa, domin ana cinsu da hannu, ba sa bukatar miya ko cokali, kuma akasarinsu ba sa bukatar ɗumame. A Zariya, inda yawancin jama'a Musulmi ne, abin shan da ake nufi shi ne zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, lamurje, shayi da lemon kwalba.

Abin da ya haɗa waɗannan kayan wuri guda shi ne jure ajiya. Baƙon Sallah ba ya sanar da zuwansa, kuma a kwanakin Hawan Sallah, Hawan Bariki da Hawan Daushe, lokacin da jama'a ke cika Birni don kallon Sarkin Zazzau da hakimansa, gida ɗaya yakan karɓi ayarin 'yan uwa da yara masu yawon Sallah tun hantsi har bayan isha'i. Uwargida ba za ta iya ɗora tukunya saboda kowane mai sallama ba. Saboda haka aikin duka ana yinsa ne kwanaki kafin ranar, a soya, a busar, a zuba a bokiti mai murfi, ta yadda idan yaro ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, barka da Sallah," abin da ya rage kawai shi ne a ɗebo a faranti ko a ƙulla masa a leda tare da goron Sallarsa. Sauƙin da ake danganta wa waɗannan kayan sauƙin rabawa ne, ba lallai na haɗawa ba.

Kayan fulawa, alkama da shinkafa

Cincin shi ne ya fi yawa a gidaje, kuma shi ne mafi sauƙin yi. Ana kwaɓa fulawa da sukari, bota, ƙwai ko madara, ɗan bakin hoda da gyaɗar ƙamshi, a murza kwaɓin ya yi faɗi, a yanka ƙanana, sannan a soya a man gyaɗa. A gidaje da yawa kwalba ce ke zama abin murzawa, kuma yankan aikin gayya ne: 'yan mata sukan kewaye babban faranti a kan tabarma da wuƙa ko almakashi, ana yanka ana barbaɗa fulawa don kada ya manne. Zafin man da ya dace yana tsakanin digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyos, amma masu suya ba sa amfani da ma'auni. Sukan jefa guda ɗaya a kasko, idan ya nutse ya taso nan take yana kumfa, mai ya yi. Man da bai yi zafi ba yana sa cincin ya sha mai, wanda ya yi zafi da yawa kuma yana ƙona bayansa cikinsa ɗanye.

Dublan ya fi cincin neman gwaninta. Kwaɓinsa ba a sa masa sukari, fulawa ce da ɗan gishiri da mai da ruwa, ana murza shi ya yi siriri ƙwarai, a tsaga tsakiyarsa layi-layi ba tare da an raba gefuna ba, a naɗe ko a harɗe shi, a soya har ya yi ƙaras-ƙaras. Zaƙinsa yana zuwa ne daga ruwan sukari da aka dafa daban, inda ake tsoma shi bayan an tsame daga mai. A nan ne ake gane hannun da ya ƙware. Mai yi takan ɗiga ruwan sukarin tsakanin babban yatsa da manuni, ta buɗe su a hankali. Idan ya ja zare siriri, ya nuna. Ana matsa lemon tsami ko a zuba ɗan ruwan tsamiya a ciki, domin tsamin yana hana sukari komawa ƙanƙara ya yi fari a jikin dublan bayan ya huce.

Alkaki da nakiya su ne tsofaffi a wannan rukuni, kuma darajarsu ta fi fitowa a kayan gara da dangin amarya ke kai wa gidan ango. Alkaki ana yinsa da ɓarzajjiyar alkama da aka kwaɓa da yis ko nono aka bar ta ta kwana ta ɗan yi tsami, a mulmula, a naɗe, a soya, a jefa cikin zuma ko ruwan sukari. Nakiya kuwa garin shinkafa ce da aka soya sama-sama, aka haɗa da sukari ko zuma, man shanu, citta, kanumfari da masoro, aka kirɓa a turmi har ta haɗe, sannan aka dunƙula. Idan ruwa bai taɓa ta ba takan yi watanni. Saboda wahalar aikinsu, gidaje da dama yanzu sukan ba mata masu sana'ar kwangila a kan mudu maimakon su yi da kansu. Gireba, wadda sunanta ya yi kama da na wani biskit da aka sani a ƙasashen Larabawa, gasawa ake yi ba suya ba, da fulawa, sukari da mai, a barbaɗa riɗi a samanta.

Gyaɗa, riɗi, aya da madara

Ƙasar Zazzau ƙasar gyaɗa ce, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, wadda ta zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ta fitar da irin gyaɗar da ake kira SAMNUT. Gyaɗa soyayya cikin yashi mai zafi, a murje ɓawon, a ɗura a kwalba, tana daga cikin mafi arhar abin da za a iya ajiye wa baƙo. Daga tunkuzar da ta rage bayan matse mai ake yin ƙuli-ƙuli, daga aya ko gyaɗa da aka daka da sukari da yaji ake yin dakuwa, daga riɗi da narkakken sukari kuma ake yin kantu. Wasu sun fi son mazarƙwaila a kan farin sukari wajen kantu, kuma samunta ba wuya a Zariya ganin kusancinta da Maƙarfi, wadda ta yi suna da noman rake. Tuwon madara, alawar madara da gullisuwa duk daga madarar gari da sukari suke, bambancinsu a tsawon dahuwa ne da ko an soya ko ba a soya ba. Yara ne manyan masu cinsu.

Nama

A Babbar Sallah nama ne ke mamaye faranti. Naman layya ana tafasa shi da albasa, citta da gishiri, a soya har ruwansa ya ƙone, a adana shi cikin man da aka soya shi ko a busasshen mazubi, a riƙa ɗibarsa da yaji. Dambun nama ya fi haka daɗewa: ana dafa tsoka marar kitse ta yi laushi, a daka ta a turmi har ta wargaje zare-zare, a soya da ɗan mai da kayan ƙamshi ana juyawa ba ƙaƙƙautawa har ta bushe ta yi wasar-wasar. Dambun kaza da na kifi ma haka ake yinsu. Kilishi da tsire ba kasafai ake yinsu a gida ba, domin sana'ar mahauta ce. Saya ake yi, kuma tsire ba ya cikin masu jure ajiya, a ranar ake cinsa.

Sababbin shigowa

Layin dogon da ya tashi daga Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ya ratsa ta Zariya, kuma a kusa da tasharsa ne Sabon Gari ta bunƙasa da baƙi daga sassan Nijeriya. Wannan cuɗanya, tare da zaman ɗalibai da ma'aikata a unguwannin Samaru da Kongo, inda harabobin Jami'ar Ahmadu Bello suke, ta sa farantin biki ya faɗaɗa. Fanke, mitfai, samosa, ƙananan kek da soyayyar awara yanzu suna fitowa a kamu, walima da liyafar ofis, sau da yawa cikin ɗan kwali ko roba guda ga kowane baƙo. Suna da daɗi da zafinsu, amma sun saɓa wa tsohuwar ƙa'ida, domin duk mai nama ko kayan lambu a ciki ba ya kwana lafiya ba tare da firiji ba. A gidajen Kiristoci na Wusasa da Sabon Gari, cincin da soyayyen nama su ne kan gaba a Kirsimeti, kuma akan aika wa maƙwabta Musulmi kamar yadda su ma ke aikowa a Sallah.

Haɗi da abin sha

Da yake yawancin kayan busassu ne, masu maiƙo ko zaƙi, abin sha mai ɗan tsami ya fi dacewa da su. Zoɓo da aka dafa da citta, kanumfari da ɓawon abarba yana yanke maiƙon nama da cincin, haka ma lamurje da ruwan tsamiya. Cittar da ake sawa yawanci daga kudancin Jihar Kaduna take zuwa, yankin Kachia da Kwoi. Dublan da alkaki, saboda tsananin zaƙinsu, sun fi tafiya da shayi ko zoɓon da ba a cika masa sukari ba. Kunun aya, wanda ake markaɗawa da dabino da kwakwa, shi ne mafi rauni: a zafin bazara yakan yi tsami cikin 'yan sa'o'i idan babu ƙanƙara, shi ya sa ake haɗa shi da safiyar ranar.

Ajiya

Danshi ne babban abin gudu, musamman idan Sallah ta faɗo cikin damina. Ana barin duk abin da aka soya ya huce sarai kafin a rufe, domin tururin da ya taru a murfi yana sa cincin ya yi laushi, dambun nama kuma ya yi funfuna. Gyaɗar da ta yi baƙi, ta motse ko take ɗaci ana tsince ta a zubar tun kafin suya, saboda funfunar da ke kama ta tana iya haifar da gubar aflatoksin mai illa ga hanta, kuma zafin suya ba ya kawar da ita. Man da aka maimaita suya da shi har ya yi duhu yana gajarta kwanakin kayan, yana kuma bar musu wari da ake ji tun daga buɗe bokiti.