Lotisma: wai duk gonar da aka yanka ta zama unguwa kenan?

Kwanakin nan duk gidan rediyon da ka murɗa a Maradi sai ka ji lotisma. Mai talla na cewa an buɗe sabuwar lotisma dab da gudro a zo a biya kaɗan-kaɗan, mai kiran waya a shirin safe na kuka an cinye masu gonar gado da sunan lotisma, a fada ana shan shayi ana gardama kanta, a WhatsApp kuma dillalai sun cika mu da hoton wata takarda mai zane kamar gidan dara, an rubuta lamba cikin kowane gida. Har wani ɗan jarida na ji yana cewa "Alhajin ya yi lotismar gonarsa jiya". Jiya fa! Kamar wanda ya yi aski.

Ba zan tsaya ina gaya ma ɗan Maradi cewa lotisma ita ce raba hili farsal-farsal ba, ko ɗan garuwa ya san wannan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka ɗauki kalmar muka yanke mata rabi muka yar. Mutum ya ɗauko mai awo, a ja igiya, a kafa 'yan turakun siminti a kusurwa huɗu, mita 20 nan mita 20 can, shi kenan sai a ce an yi lotisma. A'a malam, yanka gona aka yi. Nasara ma yana da kalma daban ta wannan, morcellement yake ce mata, wato gutsuttsurawa. Lotisma kuwa ba a gane ta da abin da aka saida, da abin da aka ƙi saidawa ake gane ta: ina hanya, faɗinta nawa, ina ruwan sama zai bi in ya sauko, ina hilin lakwal, ina na asibiti, ina kasuwa, ina masallaci, ina inda yara za su buga ƙwallo, ina maƙabarta. Waɗannan wuraren su ake kira rezarb, kuma su ne na farko da ke ɓacewa.

Bari in ɗan kauce, don asalin kalmar ya daɗe yana ba ni dariya. Lotissement daga lot ta fito, kuma lot a Faransanci kaso ne, rabon da ya faɗo ma mutum in an kasa abu. Tsohuwar kalma ce da Faransawa suka gada daga yarukan Jamusawan da, inda take nufin ƙuri'a, irin a jefa a ga wa zai ɗauki wane kashi. To daga wannan saiwar ce kuma loterie ta tsiro, wato cacar nan ta tikiti, ita ce "Lo" ɗin da ke farkon sunan Lonani, kamfanin cacar ƙasar Nijar. Ka ga kenan lotisma da lotiri 'yan ɗaki ɗaya ne. Ranar da na gano haka sai na ce wallahi biri ya yi kama da mutum, don yadda ake sayen farsal a garin nan yanzu ba shi da maraba da yankar tikiti. Ka biya, a ba ka lamba, ilo kaza (wato rukunin farsal) farsal kaza, ka koma gida kana addu'a. Wani ya tashi da hili a tudu kusa da hanya, wani nasa ya faɗa cikin kwazazzabo, wani kuma ya tarar su uku ne suka ci lamba ɗaya, abin da ko a caca ba a yi. Su masu kalmar sun daɗe da raba 'yan uwan nan biyu, kowa da gidansa, mu ne muka sake haɗa su.

Abin haushin kuma, in akwai garin da ya kamata ya san ma'anar lotisma ta gaske to Maradi ne, don garin da muke ciki ɗan lotisma ne. Tsohon gari a ƙasa yake, cikin fadamar Gulbi, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka tashi mutane aka hau da su tudu, aka zana sabon gari tun kafin a aza tubali. Kowa ya san Turawan mulkin mallaka ba don Allah suke abubuwansu ba, suna son su ga kowa su ƙirga kowa su karɓi haraji, amma dai ka shiga Bagalam ko Mokoyo ko Ɗan Gulbi ka duba layukan nan, an fitar da su tun ba mai mota a unguwar, kuma yau shekara wajen 80 suna ɗaukar mota da adaidaita da amalanken shanu. Hanya aka fara cirewa, abin da ya rage aka raba ma mutane. Yanzu an juya abin, farsal ake fara cirewa, in an samu ɗan abin da ya rage a ce masa hanya.

Wani ƙanen abokina, malamin makaranta ne, ya shekara yana tara kuɗi, matarsa har da zubin adashinta ta ba shi, ya sayi farsal a bayan gari, ba zan faɗi wajen ba. A takarda abin gwanin sha'awa, layi mai faɗi ta gabas, rezarb babba a tsakiya an rubuta lakwal. Da rani aka kai shi ya gani, kan babur, dillali na nuna masa da baki "daga waccan bedi zuwa wancan turke duk naka ne". Ko'ina rairayi, ko'ina daidai. Sai da damina ta faɗi ya gane ashe layin gabas ɗin nan hanyar ruwa ce tun kaka da kakanni, manoman wajen duk sun sani, ba wanda ya tambaye su ne kawai. Rezarb ɗin lakwal kuwa ya koma ya tarar an kafa mata turaku ita ma, an yanka ta, har wani ya zuba bulo. Ba famfo, ba wuta, ba kanibo, wato magudanar ruwa, ruwan gini sai ya saya a kura. Da ya je yin magana aka ce masa ai lotisma ce, haka take, a hankali komai zai zo. Wannan "a hankali" ɗin ita ce ƙaryar, don kawo hanya da ruwa da wuta da magudana, abin da ake kira biyabilizasiyo, cikin aikin lotisma yake, ba alfarma ba ce da za a yi ma mutane bayan shekara goma in zaɓe ya matso. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi ma garin nan a daminar 2024, gidajen da suka faɗi da rayukan da aka rasa, bai kamata a sake ce masa magudana a hankali ba.

Sai maganar takarda, nan ma an cakuɗa. Takardar da mai gari ko maigonar ya sa ma hannu da shaidu, tana da darajarta, don dokar ƙasar karkara ta 1993 ta yarda da mallakar gargajiya, ita ce ma ta kawo kwamitocin nan na harkar filaye da ake kira Kofo. Amma wannan shaidar gona ce, ba ta mayar da gona unguwa. Akt da sasiyo kuma meri ke ba da ita kan farsal ɗin da ke cikin lotismar da aka amince da ita. Titir fonsiye shi ne gaba da su duka, shi ne wanda ake rubutawa cikin kundin ƙasa, har an sauƙaƙa samunsa a 2006 aka sa masa suna da Hausa, Sheda. Mutanenmu kuwa duk takarda mai hatimi "takardar hili" ce, a naɗe a leda a sa ƙarƙashin katifa.

Kuma ba kowa ke da ikon cewa wuri ya zama lotisma ba. Akwai dokar tsarin birane ta 2017, zane sai ya bi ta hannun ma'aikatar irbanism an duba an sa hannu kafin a fara saidawa. Tambaya ɗaya tak nake so mai saye ya riƙa yi ma dillali: ina arete ɗin, wato takardar hukuma, da ya amince da wannan lotisma? In ya fara sosa ƙeya yana cewa "tana hanya", kai ma ka kama hanya. A Maradi abin ya ƙara rikicewa saboda gari ya cika ya tumbatsa, arondisma uku ne da shi amma gine-gine sun tasar ma iyakar Jiratawa da Tibiri da Safo, sai ka ga mutum yana kwana yana tashi yana cewa shi ɗan birni ne alhali takardarsa ta wata komin ce. Tun da aka rushe majalisun komin a watan Afirilun 2024 aka naɗa masu riƙo, mutane ke ta zaton ko tsofaffin takardu sun mutu, ba su mutu ba, ta gaske tana nan ta gaske, ta bogi ma tana nan yadda take.

Ni fa ban ce kar a yi lotisma ba, ina ma laifi, wanda ke biyan haya duk wata a Zariya ko Ali Ɗan Sofo shi ya san zafin rashin gida. Kuma ina tausayin manomin da gari ya iso ƙofar gonarsa, an ba shi 'yan farsal a matsayin kasonsa, ya saida ya yi aure ya sai babur, shekara uku ba gona ba kuɗi, ɗansa na gadi a gidan da aka gina inda suke shuka gero. Shi ma in ka tambaye shi cewa zai yi lotisma ce ta ci shi.

Shi dai malamin namu har yanzu bai aza ko bulo ɗaya ba. Bara wani maƙwabcin wajen ya roƙe shi aron hilin ya shuka wake, ya ba shi, da kaka ya aiko masa da tiya huɗu.