Makami mai linzami: ina linzamin yake?

Tun da rikicin Iran da Isra'ila ya yi ƙamari a watan Yunin 2025, da wuya a kammala labaran duniya a rediyo ba a ambaci "makami mai linzami" ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake laƙaba sunan ga duk abin da ya tashi da wuta a gindi ya je ya fashe. Rokokin Grad da ake cilla 40 daga bayan mota ɗaya, wai makamai masu linzami. Rokar RPG da ake saɓawa a kafaɗa, ita ma haka. Alhali waɗannan inda aka saita bakinsu nan suke nufa, in iska ta karkatar da su shi ke nan.

Wanda ya raɗa wannan suna ya san doki. Da linzami mahayi yake juya dokinsa yana tsaka da gudu. Saboda haka makami mai linzami shi ne wanda ke gyara hanyarsa bayan ya bar hannun mai harbi. In babu wannan, roka ce kawai, komai girmanta.

Inda kalmar ke nuna nauyinta shi ne makamin da ake harbawa daga jirgin yaƙi mai nutso a ƙarƙashin teku. Masu buga wasannin kwamfuta na ƙera ababen hawa, irin su Stormworks da From the Depths, sun fi wasu masu sharhi fahimtar wannan, kuma da gaske nake. Mutum zai raba dare yana haɗa jirginsa, ya danna maɓalli, makamin ya fito daga bututu ya kama juyi a cikin ruwa, ko ya leƙo sama ya kife ya dawo kan jirgin da ya harba shi. Dalili kuwa, ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka ɗan motsin fiffiken da zai daidaita tafiya a sama, a cikin ruwa wuce gona da iri yake yi. Dabarar da ke fid da su ita ce a turo makamin waje tukuna, a jinkirta kunna inji da na'urar saiti sai ya fita daga ruwa.

Haka sojojin ruwan Amurka suke yi tun harbin makaminsu mai suna Polaris na farko daga ƙarƙashin ruwa, ranar 20 ga Yulin 1960, daga jirgin George Washington. Makamin da suke amfani da shi yanzu, Trident II, nauyinsa kusan tan 59 ne, kuma ba a kunna injinsa a cikin bututu. Tururi mai ƙarfi ne ke ingizo shi sama, sai ya ɓullo daga ruwa sannan wuta ta kama. Bakin injin nan da wutar ke fita yana karkata dama da hagu, kuma shi ne ainihin linzamin. A gwajin watan Maris na 1989 daga jirgin Tennessee, ruwan da ya biyo makamin sama ya bugi wannan baki, sai makamin ya yi ta katantanwa a iska, cikin daƙiƙu kaɗan ya tarwatse. Inji lafiya lau, mai ga shi nan, linzamin ne ya samu matsala.

Akwai kuma sanin wuri. Jirgin tafiya yake yi, siginar GPS ba ta ratsa zurfin teku, ga abin harin zai iya kasancewa a nisan fiye da kilomita 7,000. Dole na'urorin jirgin su riƙa lissafa kowane motsinsa, shi kuma makamin in ya fita sararin samaniya sai ya dubi tauraro ya gyara lissafinsa.

Ko a cikin masu linzamin ma iri biyu ne da ake cakuɗawa. Irin su Trident a farkon tafiya ake saita su, daga nan kawunan da ke ɗauke da bam su faɗo bisa hanyar da aka ɗora su. Irin su Tomahawk, waɗanda jirgin nutson Amurka ya harba kan birnin Isfahan na Iran a watan Yunin 2025, ƙasa-ƙasa suke tafiya suna gyara hanya har su isa.

Shi ya sa ba na jin daɗi in wata ƙasa ta jera dogayen bututu a fareti, washegari a sanar cewa ta mallaki makami mai linzami na ƙarƙashin teku, ba a tambayi ko ta taɓa harba shi ya sauka inda aka nufa ba. Ingila na wannan harka tun 1968, amma a Janairun 2024 Trident ɗin da jirginta Vanguard ya harba a gaɓar Florida ya faɗa teku kusa da inda ya tashi, sakataren tsaronta na lokacin, Grant Shapps, yana cikin jirgin.